Jami'ar da Na Yi a Cikin Takaba

Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na yi jami'a mako bakwai, ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Jikata ce take rubuta wannan, tana yi tana harara ta. Rubuta, 'yar nan, ai ke kika sa ni.

A shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba Maigida ya rasu. Daga Damagaram ya kawo ni Arlit ina da goyon fari. Ya yi shekaru yana shiga ramin ma'adinai, ya fito da tari, tarin ya zauna da mu har ya tafi da shi. Har yau in na dama kunu sai in ga na zuba kofi biyu. Ba na ɓoye kukana, wanda ya ga dama ya ce tsohuwa ta cika raki.

Ina cikin takaba jikata ta dawo daga jami'a. A hannunmu ta tashi. Karatun duwatsu take yi, don kakanta ya sha cewa yana so ta shiga aikin ma'adinai ta ƙofar manya, ba ta bakin rami ba. Aka ce su ci gaba da karatu ta waya. Malaminsu yana can birni, su suna warwatse a garuruwa, fuskarsa kaɗai ake gani a wayar, ƙarama kamar hoton katin zaɓe. Ya kafa doka: kullum zai kira suna, wanda ya rasa kira uku ba zai zauna jarrabawa ba, shekararsa ta tafi.

Famfon unguwarmu kuwa da hantsi yake kawo ruwa, daidai lokacin darasi, in ya wuce ka sai gobe. Da ni nake bin layi, amma mai takaba ba ta fita. Kafin mu farga yarinya ta rasa kira biyu tana layin ruwa. Ga shi rezo, wato sabis ɗin waya, wuri ɗaya yake kamawa a gidan, a ɗakina, bisa akwatin ƙarfen Maigida da ke jikin taga.

Ran nan ta zo ta durƙusa gabana da ladabin da ban san ta da shi ba.

"Kaka, kin ga ɗan hoton nan? In kin ji sunana ki taɓa shi, ki ce purezant, ki sake taɓawa. Shi ke nan. Ba ya ganinki, duk mun rufe kamara."

"Mene ne purezant?"

"Wato ina nan."

"To ai ina nan ɗin. Ina za ni?"

"Amma ki siranta murya, kar ki yi irin ta kiran awaki."

"Ja'ira! Lokacin da muryata take tsayar da masu keke ko ubanki ba a haifa ba."

Haka na shiga jami'a. In ta dawo, ƙawayenta su turo mata hotunan rubutunsu a gurup ɗin ajinsu na waya, ta kwafa. Ni kuwa abin da na fi so shi ne kafin malam ya shigo, don lokacin yaran Hausa suke yi, ba su san akwai tsohuwa a tsakiyarsu ba. Wani ɗan Gugaram ya ce sai ya hau dutse yake samun rezo, rabin darasin iska ke sha, rabi akuyoyi. Wani ɗan Maraɗi ya ce shi kam Allah ya ja kwanan wannan karatu, a kwance yake yin sa, ko wanka bai yi ba. Wata yarinya ta ce a aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba don kunya, amma a gurup tambaya har sai malam ya gaji. Suka yi mata ca, wai ita take jawo musu ƙarin aiki. Jikata kuwa cewa take karatun waya kamar cin tuwo ne a mafarki, ka tashi da yunwarka. Yaya za a koya maka dutse ba ka taɓa shi ba?

In malam ya fara Faransancinsa ba na jin ko kalma. Amma murya ce ta namiji tana tashi daga kan akwatin Maigida, a wurin da rediyonsa take zama, sai ɗakin ya rage faɗi. Ina jan carbi, yana bayani. In ya yi tambaya aka yi tsit, ni ma in sunkuyar da kai kamar sauran.

A mako na bakwai ya shigo da tari. Na farko na ƙyale shi. Na biyu na ajiye carbi. Na uku ya taso daga can ƙasan ƙirji, busasshe, mai ƙarewa da ɗan fito. Shekara nawa ina kwana ina tashi da wannan fito? Ban san lokacin da yatsana ya taɓa hoton nan ba.

"Sannu, malam. Sannu. Kurɓi ruwan ɗumi. Kuma don Allah ka je likita a duba ƙirjin nan, kar ka ce gobe. Nawa maigidan gobe ya yi ta cewa."

Sai malam ya yi magana da Hausa, irin ta mutanen Abzin.

"Wane ne wannan?"

Na siranta murya na ce, "Purezant ce."

Yaran nan suka fashe da dariya, har na ji akuyar Gugaram ta taya su. Daidai nan jikata ta shigo da bidon ruwa a ka, ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa yana zuba mata a wuya ba ta sani ba. Malam ya kira sunanta, ya tambaye ta tun yaushe ake haka. Ta ce mako bakwai. Na ga shekararta tana zubewa a gabana, ni na tunkuɗe ta.

Na ce, "Malam, in suna za ka soke, soke nawa. Mijina ya rasu, ina takaba, ba na fita. Ruwan unguwarmu da kai lokaci ɗaya kuke zuwa. Kai ana iya jin ka anjima, shi ba ya jira."

Malam ya ce, "Allah ya jiƙansa, Inna. Allah ya ba da haƙuri." Sai yaran suka riƙa buɗe murya ɗaya bayan ɗaya suna yi mini gaisuwa, daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Annoba ta hana mutane da yawa zuwa zaman makokinsa. Ranar na karɓi gaisuwar da ban samu ba, na yi kuka har na jiƙa mayafi.

Amma malam bai sake ta haka nan ba. Ya ce nan da kwana uku za ta buɗe kamara, ta amsa tambayoyi a kan duk abin da kakarta ta zauna ta ji. In ta kasa, ta maimaita shekara. Na aika wa matan maƙwabta, suka ɗauke mana ruwa kwana ukun, suna yi mini tsiya wai ga 'yar jami'a. Yarinya ta duƙufa. Ranar tambaya ina bayan labule ina jan carbi, na ji ta yi tuntuɓe sau biyu, ta miƙe. Ya ce ta tsira, da ƙyar. Daga ranar kuma ya fara tura darasin da saƙon murya a gurup, kowa ya ji lokacin da ya samu rezo. Ɗan Maraɗi ne kaɗai ya yi ƙorafi, wai yanzu ba shi da uzuri.

A ranar tambayar, kafin ya rufe, malam ya ce, "Ina ɗalibata mai zuwa kullum?" Na leƙo na ce, "Ka je likitan?" Ya ce ya je. Na ce to madalla, ga wanda ya ji maganata.

Jikata ta wuce aji na gaba, ta koma birni da wayarta, kan akwatin ya sake yin shiru. Ni kuwa da ban yi fashi ba, har yau ba a ba ni takardata ba. Rubuta wannan da kyau, 'yar nan, ko zai kai kunnen malam.