Hayaƙin Da Na Ce Yana Wanke Haƙora

A lokacin ban fi shekara da aure ba. Na dawo ƙauyenmu kusa da Tafoki daga ci-rani da sana'ar gasa jan bulo, da kuma baki, bakin ma ya fi sana'ar yawa. Surukina, dattijo mai kawaici da nake kira Baba, ya ba ni gefen fadamarsa, na kwaɓa laka, na jera bulo, na cinna wuta. Can kusa yake ɗaure wani maraƙi da yake ji da shi, yana rainonsa ya zama san noma, don ƙarfin dattijon ya fara ƙarewa.

Wata rana malamin gona ya biyo, ya ga bakin ganyen mangwaro duk ya ƙone. Ya ce ƙasar da nake gasawa tana fitar da wani sinadari cikin hayaƙi, wai shi fuloraid, yana sauka kan ganye da ciyawa, don haka in matsa nesa da dabbobi. Na tambayi mene ne kuma wannan. Don ya sauƙaƙa mini ya ce irin na cikin man goge baki ne, amma in ya yi yawa... Wallahi ban tsaya jin amman ba.

Da Baba ya yi mini maganar mangwaron, yana ta kewaye-kewaye irin na surukai, sai na gyara tsayuwa na shaida masa hayaƙin nan magani ne, haƙora yake wankewa, ma'aikaci ma ya tabbatar. Ni na sa aka matso da turken maraƙin, ni nake yanko masa ciyawar gindin wuta. Kullum sai na ɗaga leɓensa in ga ko ya fara haske.

Bayan rani biyu sababbin haƙoransa suka fito jawur kamar na tsohuwa mai cin goro, suna marmashewa, ga ɗingishi. Garma kuwa ko taku goma bai ja ba. Muka kai shi kasuwar Sheme, ina riƙe da igiya. Ka san dillalai a baki suke duba shekarun sa. Na farko ya buɗe, ya rufe, ya wuce. Na biyu ya tambayi Baba ko tare suka yi ƙuruciya da maraƙin. Aka kwashe da dariya, ban da mu. Daminar nan da fartanya Baba ya yi noma, na bi bayansa ina huɗa, kunya kamar ta kashe ni.

Na tashi wutar na kai ta nesa da gonaki. Jama'a, mai gasa bulo ya nisanci dabbobi da shuka, kuma in masani yana magana a bari ya kai ƙarshe. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai har yau in na durƙusa gaishe shi, ba ya tambayar iyali ko gajiya. Tambayarsa ɗaya ce, wai yaya haƙora.