Arzika Mai Gasa Wilin Mota

Kafin Arzika ya dawo daga Kaduna, babu wanda ya taɓa jin ana gasa ƙarfen mota a Jega. Shekara tara ya yi a wani kamfani yana fentin hoda. Ya dawo gida shekara biyu bayan an ba mu jihar Kebbi, da bindigar feshi, da ɗan injin wuta, da hoda ja da baƙa, da kuma cika baki, wanda ya fi sauran kayan nauyi.

Aikin ba boyayye ba ne. A kankare wili da samfefa har ƙarfe ya fito fari, a rataye shi, a maƙala masa waya, a fesa busasshiyar hoda ta manne, sannan a sa a tanderu ta narke ta kama jiki. Arzika ya gina nasa tanderun a bayan tasha da laka da farantin ƙarfe, gawayi a ƙasa. Agogon auna zafi irin na kamfani ne kawai ba shi da shi, ya ce ido ya isa.

Sa'idu, direban da ke jigilar albasa daga Aliero, shi ya fara ba shi wili huɗu. Suka fito duk ƙuraje, jan ya koma kamar ƙanzon tukunya. Sa'idu kuwa ba ya raina abin dariya, ya jera su a bakin tasha ranar kasuwa.

"Jama'a ku taho ku ga tsiren Kaduna!" Da 'yan kamasho suka gama shewa ya juyo. "Arzika, Laraba nika lodi. In ba su gyaru ba, mai burushi za ni kai ma."

Abin ya yi wa Arzika ciwo ƙwarai. Ya san in wilin nan suka tafi wurin mai fenti da burushi, ko kan ƙusa ba mai sake kawo masa, sai dai ya tattara ya koma Kaduna zaman haya. Shi kuwa ya gaji da garin mutane.

Kwana biyu yana gwaji da guntayen ƙarfe, wani ya ƙone, wani ya fito hodar ko narkewa ba ta yi ba. Rana ta uku matarsa Gudiya, 'yar garin Mungadi, ta gaji da tuwonta yana hucewa, ta biyo shi da shi. Ta kara bayan hannu a bakin tanderun, ta janye da sauri.

"Malam, mi kaka dahwawa da wagga wuta, ƙashin raƙumi?"

"Ke, wanga aikin kamfani na, ba tuyar masa ta ba."

"Inna shekara talatin tana gasa gurasa, ba ta taɓa ganin kamfani ba."

Ta koma gida ta ɗebo dusar awaki, ta watsa kaɗan a kan farantin. Nan take ta yi baƙi. Ta sa shi ya kwashe rabin garwashin, suka jira, ta sake watsawa.

"Karanta ƙulhuwallahu ukku. In ta yi ja kana gamawa, sa ƙarhenka."

Ya yi gunaguni, amma ya karanta. Guntun ƙarfen ya fito sumul yana sheƙi. Ya sake kankare wilin huɗu, ya fesa, ya gasa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da barbaɗin dusarsa.

Laraba Sa'idu ya zo da 'yan kallo. Ya zaro makullin mota ya karci wili ɗaya, ya sake kartawa da ƙarfi, ko alama. Haƙuri dai bai bayar ba, ya ce kawai yana da bambar mota a gida da tsatsa ta fara ci.

Arzika bai sake kwana a Kaduna ba. A bayan tashar nan ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, kullum da safe ya fito da kwanon dusa a hammata, awakin Gudiya suna binsa da kuka har ƙofa. Duk baƙon direban da ya tambaye shi inda ya koyi aiki, sai ya fara leƙawa ko tana kusa, sannan ya rage murya.

"Heshi Kaduna na koya. Wuta kau, Mungadi."