Baba a Tashar Jirgi

Shekarun da muka yi a Withington, can ƙasar waje, ni da matata, a ɗaki ɗaya da kicin muka yi su. Ita ta zo digirin digirgir a fannin sinadarai, ni kuma na biyo ta da abin da na koya a gidan rediyo, wato kasa kunne da gyara lafazi.

Aikinta binciken fenti ne a tsofaffin zane-zanen ƙasar Holan. Akan kankaro ɗan ɓarɓashi daga gefen zane, bai kai kan allura ba, a duba abin da aka haɗa shi da shi. Kowane launi da zamanin da ya fito. In aka ga sabon launi a zanen da aka ce ya girme shi, asiri ya tonu.

Akwai wani zane a Birmingham, tebur da shuɗin ƙyalle da lemon tsami a kai, wanda aka ce na ƙarni na sha bakwai ne. A kansa ta gina rabin kundinta. Sai malaminta ya fara zargin shuɗin irin wanda ba a ƙirƙiro ba ne sai a ƙarni na sha takwas. In haka ne aikin ya rushe, ga lokacin da aka ba ta ya kusa ƙarewa.

Ranar sakamakon gwajin shuɗin ta fita da sassafe. Da la'asar ta kira ni daga tashar jirgin ƙasa, ƙara ta cika wayar.

"Yallaɓai, baba ne!"

Na ɗauka mahaifinta take nufi, don yana Zariya kuma ya manyanta. Na ce, "Innalillahi! Me ya sami Baba?"

"Wane Baban? Baba na rini, na marina! Kai da kake gyara wa mutane lafazi?"

A rubuce kalmar ɗaya ce, murya ce ke raba su, jirgin kuwa ya haɗiye muryar.

Na ce, "To Dakta, zanen na gaske ne ke nan?"

"Ban ce ba. Baba bai tabbatar ba, ya dai hana a ƙaryata. Masu zanen wancan ƙarni sun yi aiki da shi. Wannan ya ishe ni."

Na je na taryo ta ana yayyafi. A cikin bas ta kira mahaifin nata, ta yi ta ƙoƙarin yi masa bayani. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce in dai baba ne, ai da ta tambaya a gida. Allah ya jiƙansa, dariyarsa har kujerar bayanmu ana ji.