Yayana da Jinkar Ɗakin Sujada

Ƙauyenmu yana tsakanin Daudawa da Faskari. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, gidajen Kirista a cikinsa kaɗan ne, sauran Musulmi ne, sai 'yan tsiraru masu riƙe da al'adar kakanni. Yayana kaɗai ne ba ya cikin kowa. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama ya bar zuwa sujada. Bai musulunta ba, bai kuma koma tsafi ba. In aka tambaye shi ko akwai Allah, sai ya ce, "Ni dai ban sani ba. Ku da kuka sani, ku riƙe da kyau."

Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu. Gida ɗaya muke da shi, gandu ɗaya muke nomawa, da rani kuma mu bi ƙauyuka muna baibayar ɗakuna, har daga garin Mabai ana kiranmu. Ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. In mun zauna cin tuwo nakan yi addu'a, shi kuma ya ɗora hannu bisa gwiwa yana jirana. Bai taɓa riga ni sa hannu ba. Sai dai in na ce amin ya ce, "Yau ka tsawaita, miya ta huce."

Wata bazara gara ta cinye jinkar ɗakin sujadarmu. Aka zauna shawara bayan sujada. Kowa ya san wanda ya iya aikin, amma wani dattijo a cikinmu ya ce ina aka taɓa ba wanda bai yarda da Allah ba rufin ɗakin Allah. Inna, mahaifiyarmu, ba ta cika magana cikin maza ba, amma ran nan ta yi.

"Baba, geron da ya noma fa? Ka sha furarsa a gidana, ka kuma gode wa Allah a kanta."

Dattijon ya yi dariya ya ce ya janye.

Malam mai bishara, wanda ke yi mana wa'azi, shi ya je da kansa ya roƙi yayana. Yaya yana zaune yana tufkar igiyar rama, ya ce, "Zan yi, Malam, ba na kuma son ko anini. Amma ban da wa'azi ina bisa jinka. In na faɗo, alhakina na wuyanka."

Kwana huɗu muka yi. Maƙwabcinmu, wani Musulmi, ya kawo gora a kan jakinsa. Mata suka yi ta kawo kunu. Malam shi ke miƙo mana yantacciyar ciyawa daga ƙasa, kuma ka ga mutum magana na cinsa. Da ya kasa daurewa sai ya kama waƙar sujada a hankali.

"Malam, wannan ma ai wa'azi ne," in ji Yaya daga sama.

"A'a, wannan tsakanina da ciyawa ne."

Kafin a gama aikin, Yaya da kansa yake fito da bakinsa da muryar waƙar, bai ma sani ba. Na ƙyale shi.

Ruwan farko ya sauko ranar Lahadi muna tsakiyar sujada, kamar da bakin ƙwarya. Muna cikin waƙa sai ga Yaya a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf. Ya tuɓe takalmi ya shigo. Shekara nawa rabon ƙafarsa da ɗakin nan! Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, Inna ta rufe baki da gyale. Malam ya tsaya da littafi a hannu, ya ce, "Maraba, ɗan'uwa."

Yaya bai dubi kowa ba. Kansa na sama, yana zagayawa a hankali. Can ya tsaya a kusurwar gabas, ya tara tafin hannu, ɗigo ya faɗa ciki.

"Ku yi haƙuri, ku ci gaba," ya ce. "Yoyo na zo dubawa. Ga shi nan kuwa, gefen da ƙanena ya ɗaure ne."

Ɗakin ya kece da dariya, har da Malam, wanda sai da ya zauna. Tsohuwar ta ce ita dai ba za ta mai da guɗarta ba. Tun da ruwa bai tsaya ba, Yaya ya raɓe a bayan ɗaki har aka tashi.

A hanyar gida, muna tsallake kududdufai, Inna ta ce mashi, "Ka san kullum ina sa ka a addu'a?"

"Na sani, Inna. Ta katanga nake jin ki."

"To, in bari?"

Ya ce, "Kada ki bari. Ban ce zan zo ba fa, amma kada ki bari."

Bai sake shiga ɗakin sujada ba sai ranar jana'izarta, shekaru da yawa bayan haka. Abin yakan dame ni wani lokaci, amma ba mu taɓa ɓatawa a kansa ba. Ranar ruwan farkon dai, da muka isa gida, ya aika a kira maƙwabta, muka zauna a zaure muna ɓare gyaɗar iri, don ƙasa ta jiƙu sosai, gobe shuka.