Mai Karanta Sheƙar Ɓeraye

Tsoron ya kama ni ne ranar Litinin da hantsi, lokacin da Baba ya ɗaga keji na tara, ya daɗe yana kallon audugar da ke ciki, sannan ya juyo ya ce, "'Yata, wannan farin abin me ake ce masa?"

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Sai na ga bakinsa ya karkace.

Baba, kamar yadda kowa ke kiransa, shi ne mai kula da ɓerayen ɗakin gwajinmu. Shekara ashirin da biyu yana wanke keji, yana zuba abinci, yana canja ruwa. Ni kuwa wata biyar ke nan da gama digiri, ina taya Farfesa bincike. Ɓerayenmu iri biyu ne: waɗanda aka cire musu wata ƙwayar gado mai hannu a ginuwar ƙwaƙwalwa, da waɗanda aka bari yadda suke. A ido ba a bambance su, sai mun gutsuri kunne mun kai inji, mun jira kwana uku.

Baba ba ya jira. Da yamma yake jefa musu auduga, da safe ya zagaya. Mai ƙwayar zai yayyage ta ya yi sheƙa mai zurfi, marar ita ya kwanta a kai kawai.

"Wannan magini ne, wancan ɗan haya," yakan ce.

"Baba, Farfesa ba zai karɓi ɗan haya a takarda ba."

"To juya masa da Turanci, 'yar boko. Injin naki ma jibi bakina zai ara."

Sau biyu kacal na ga shi da injin sun saɓa, kuma a ɗayan injin ne ya yi kuskure.

A ranar Litinin ɗin, direban sashenmu ne ya kai Baba asibiti. Tun ranar ni nake jefa audugar. Da safe in tsaya gaban sheƙar da ba ta ginu ba kuma ba ta ƙi ginuwa ba, in juya zan tambaye shi. Babu mai shigowa ya ce wa ɓeraye, "Masu gida, an tashi lafiya?" Na gwada faɗa sau ɗaya, ban ƙara ba.

Jiya babbar 'yarsa ta kira ni. Ya buɗe ido, ya sha ruwa, ya damƙe hannunta, amma bai ce komai ba. An ɗauki hoton kansa. Likita ya ce sai ya duba hoton gobe zai gaya musu ko maganar za ta dawo. Ta ce za ta sanar da ni.