Ruwan sanyi mai ƙanshin daddawa

Surukina Alhaji ya kurɓi ruwan, ya riƙe shi a baki kamar mai neman inda zai tofar. Don kara ya haɗiye, ya tura kofin nesa da shi.

Sabon firigo, wato firji, na sayo a kasuwar Matamaye, matata kuma tana gidansu wankan jego. Duk abin da hannuna ya taɓa sai na cusa a ciki: albasa, daddawa, har zumar da kakata Iya ta kawo mini daga Tsauni.

Iya tana zaune a gefe. Ta shinshina kofin, ta tashi ta buɗe firigon. Albasa ta yi laushi, zuma ta daskare, warin daddawa ya kama komai.

"Maigidana," in ji ta, "zazzaɓi albasar ke yi da ka kwantar da ita a sanyi?"

Na ce, "Iya, ai kayan Nasara ne, ba ya ɓata abu."

Ta ce, "Kakata ce ke sayar wa kukun kumandan albasa, farkon zuwan Nasara ƙasar nan. A rataye cikin inuwa suka iske albasarmu, a rataye suka bar ta. Kai ne za ka fi su Nasaranci?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya ɗago, ruwan randa ya roƙa.

Ashe ba kowane abu ke son gata ba, wani iska kawai yake nema. Ku fa, me kuka taɓa kashewa da sanyi?