Saura Taku Goma

Kullum da sassafe Agnes mai ƙosai tana ganinsa a hanyar Maigatari, dogo, siriri, ya aske gemu ƙwal kamar mai ɓoye shekaru. Yana gudu yana duban agogon roba mai lambobi. Ba ta san sunansa ba, amma ta san ranar Asabar za a ɗebi sojoji, kuma wanda ya makara a tsere sai gida.

Abu ɗaya ke damunta: kullum yakan danna agogon ya tsayar da shi saura taku goma ya kai dutsen kilomita.

Yau ta kasa haƙuri. "Malam, ai dutsen yana gaba!"

Yana haki, idonsa a kan lambobin. "Na sani, Madam. In na danna a can, gobe ba zan iya fitowa ba."